Manhajojin Gamin-Gambiza: Riba Da Haɗarin Gina Kasuwanci A Kan Bayanan Wasu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kiran mota ta wayar hannu a Legas ko Abuja, ko kuwa ya biya kuɗin kaya a wani shagon intanet, to ya yi hulɗa da kamfanoni uku ko huɗu a lokaci guda, ko da yake suna ɗaya tak ya gani a fuskar wayarsa. Taswirar da ke nuna masa inda direba yake ta wani kamfani ce, akwatin da ya shigar da lambar katinsa na banki na wani kamfanin ne daban, saƙon da ya zo masa da lambar tabbatarwa kuwa wani na uku ne ya aiko shi. Aikin mai manhajar shi ne tattaro waɗannan ɓangarori ya haɗa su wuri guda, sa'an nan ya sa wa abin sunansa.

Wannan tsari ya rage tsadar kafa kasuwanci a intanet ƙwarai da gaske, kuma shi ne ginshiƙin kamfanoni da dama da suka yi fice cikin shekaru ashirin da suka wuce. Amma fa tarihin waɗannan shekaru ya nuna cewa wanda ya gina sana'arsa a kan bayanan wani, matsayinsa na ɗan haya ne. Mai gida na iya ƙara kuɗi, yana iya sauya sharuɗɗa, yana kuma iya rufe ƙofa ba tare da dogon wa'adi ba.

Ma'anar kalmomin

Abubuwa biyu ne ake magana a kansu, kuma dangi ne na kusa. Na farko shi ne ƙaramar taga, wadda masana ke kira wijet. Ita wannan wani ɗan akwati ne da mai shafi yake ɗaukowa daga wani kamfani ya liƙa a shafinsa, alal misali akwatin da ke nuna yanayin sama, ko farashin hannayen jari, ko canjin kuɗi, ko bidiyon YouTube, ko maɓallin biyan kuɗi. Mai shafin ba ya rubuta komi a cikin akwatin. 'Yan layukan umarni kawai yake kwafowa, daga nan kuma duk sa'ad da aka buɗe shafin, kwamfutar baƙo ce take zuwa kai tsaye wurin kamfanin da ya ba da tagar ta karɓo abin da za a nuna.

Na biyu shi ne manhajar gamin-gambiza, wadda Turawa ke kira mashup. Sunan ya samo asali ne daga masu kiɗa, waɗanda ke ɗauko muryar wata waƙa su ɗora a kan kiɗan wata. A fagen kwamfuta, ana nufin ɗauko bayanai daga wurare biyu ko fiye a haɗa su, don a samar da wani amfani da babu ɗayansu da ke bayarwa shi kaɗai. Jerin gidajen haya yana da amfani, taswirar gari ma tana da nata, amma in aka ɗora jerin a kan taswirar sai mai neman gida ya ga farashi da unguwa da nisan wurin aikinsa a kallo ɗaya.

Abin da ke sa haɗin ya yiwu shi ne wata ƙofar musayar bayanai da ake kira API. Misalinta kamar tagar akawu ce a banki: mai buƙata ba ya shiga ɗakin ajiya, sai dai ya miƙa takarda bisa ƙa'idar da aka tsara, a miƙo masa abin da ya nema. Haka manhaja take aika tambaya zuwa kwamfutar kamfanin da ke riƙe da bayanan, tare da wata lambar shaida da ake kira mabuɗi, amsa ta dawo cikin ɗan lokaci ƙanƙane. Ta wannan mabuɗi ne kamfanin yake sanin wanda ya tambaya, da yawan tambayoyin da ya yi, da kuɗin da zai biya. Ta nan ne kuma yake iya katse shi in ya ga dama.

Yadda abin ya faro

A watan Fabrairun 2005 kamfanin Google ya fito da taswirarsa ta intanet. Bayan 'yan makonni, wani injiniya mai suna Paul Rademacher, wanda ke aiki a kamfanin shirya fina-finan zane na DreamWorks a Amurka, ya gano yadda zai ɗora tallace-tallacen gidajen haya na shafin Craigslist a kan wannan taswira. Ya kira abin da ya haɗa HousingMaps. Bai nemi izinin kowa ba, kuma a lokacin Google bai buɗe wata ƙofa a hukumance don irin wannan aiki ba. Cikin wannan shekara wani ɗan jarida, Adrian Holovaty, ya ɗauko rahotannin laifuka na 'yan sandan birnin Chicago ya baje su a kan taswirar, ta yadda kowane mazaunin birnin zai ga abin da ke faruwa a layinsu.

Maimakon kai ƙara kotu, Google ya buɗe ƙofar taswirarsa ga kowa kyauta a watan Yunin 2005, daga baya ma ya ɗauki Rademacher aiki. Lissafin kamfanin a fili yake: duk shafin da ya liƙa taswirar ya zama wakilin da ke yaɗa ta ba tare da an biya shi ba, kuma da zarar jama'a sun saba da ita, abokan hamayya za su sha wuya kafin su janye su. Sauran manyan kamfanoni suka bi sahu. Yahoo ya fito da Pipes a 2007, wata manhaja da ke ba wanda bai ƙware a rubuta umarnin kwamfuta ba damar haɗa bayanai daga shafuka daban-daban. Microsoft ma ya fito da tasa mai suna Popfly a wannan shekara.

Nahiyar Afirka ta ba da nata gudummawar tun da wuri. Sa'ad da rikici ya ɓarke a Kenya bayan zaɓen Disamban 2007, wasu matasa masana fasaha, ciki har da lauya Ory Okolloh da Juliana Rotich, suka kafa Ushahidi, kalmar da ke nufin shaida a harshen Suwahili. Jama'a na aika rahoton abin da suka gani ta saƙon waya ko wasiƙar intanet, ana ɗora shi a kan taswira. An yi amfani da manhajar wajen agajin girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, a nan Nijeriya kuma shirin ReclaimNaija ya yi aiki da ita wajen sa ido kan babban zaɓen 2011.

Ribar da ke ciki

Ta fuskar tattalin arziki, amfanin wannan tsari shi ne yana mai da jari mai nauyi ya koma ƙaramin kuɗin da ake biya gwargwadon amfani. Zana taswirar titunan ƙasa guda aiki ne da ke cin shekaru da maƙudan kuɗi. Haka nan haɗa kai da bankuna da kamfanonin katin kuɗi ɗaya bayan ɗaya yana buƙatar lasisi da ma'aikata da lauyoyi. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu, amma yana iya hayar duka biyun cikin yini guda.

Manyan kamfanoni ma ta wannan hanya suka tashi. Kamfanin Uber ya bayyana a takardun da ya gabatar lokacin shiga kasuwar hannayen jari a 2019 cewa ya biya Google kimanin dala miliyan 58 saboda taswira daga farkon 2016 zuwa ƙarshen 2018. Kuɗin yana da yawa, amma bai kai ko kusa da abin da kamfanin zai kashe ba da a ce ya zana taswirar dukan biranen da yake aiki da kansa tun daga ranar farko.

A Nijeriya, inda abin ya fi fitowa fili shi ne fannin biyan kuɗi. Kamfanin Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, da Flutterwave da aka kafa a 2016, sun ba mai shago damar liƙa akwatin karɓar kuɗi a shafinsa, su kuma su ɗauki ɗan kaso daga kowane ciniki. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Abin lura a nan shi ne wanda aka saya da wannan tsada shi ne mai ƙofar da dubban shaguna ke bi. A wannan kasuwa, babbar riba tana tarewa ne wurin mai bayanai da mai ƙofa, shi kuwa mai haɗawa yana samun nasa ne daga sanin abokan cinikinsa da kyautata musu.

Ranar da mai gida ya sauya magana

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma masu manhajojin gamin-gambiza sun tabbatar da haka ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce rufewa ɗungurum. Microsoft ya rufe Popfly a 2009. Google ya rufe iGoogle, wato shafin da mutane ke jera ƙananan tagoginsu, a Nuwamban 2013. Yahoo ya kashe Pipes a 2015. Duk wanda ya ɗora aikinsa a kan waɗannan ya koma neman wata mafaka da kuɗinsa.

Hanya ta biyu ita ce ƙarin farashi. Kafin watan Yulin 2018, Google na barin shafi ya nuna taswira har sau 25,000 a rana kyauta, abin da ya ɗara haka kuma ana biyan rabin dala kan kowane dubu. Daga wannan wata farashin ya koma dala 7 kan kowane dubu, wato ninki 14, rangwamen kuma ya zama na dala 200 a wata, daidai da nuna taswira kimanin sau 28,000 a wata guda. Ke nan abin da ake samu kyauta a yini ya kusa zama rabon wata sukutum. A ɗauki misalin kamfanin kai saƙo da ake buɗe taswirarsa sau 3,000 a rana, wato sau 90,000 a wata. A da ba ya biyan ko kwabo. Bisa farashin 2018 kuwa lissafinsa dala 630 ne, in an cire rangwame ya rage dala 430. Google ya sake sauya tsarin rangwamen a Maris na 2025.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya akwai ƙarin nauyi, domin da dala ake biyan irin wannan haya alhali shi da naira yake ciniki. A watan Mayun 2023 ana canjin dala a hukumance kan kimanin naira 460, cikin 2024 kuwa ta kai naira 1,500 har ta wuce. Waccan dala 430 da ke daidai da kimanin naira 198,000 sai ta koma naira 645,000, ba tare da kamfanin ya sami ƙarin abokin ciniki ko ɗaya ba.

Shekarar 2023 ta zo da misalai masu zafi. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, kamfanin ya katse manhajojin wasu irin su Tweetbot da Twitterrific a Janairun 2023, bayan sun yi fiye da shekaru goma suna aiki. Daga nan ya soke yawancin damar kyauta, ya sa dala 100 a wata ga ƙananan masu amfani, manyan kuwa rahotanni suka ce farashinsu ya fara daga dala 42,000 a wata. Kamfanin Reddit ya bi wannan hanya. Christian Selig, mai manhajar Apollo da mutane ke karanta Reddit da ita, ya bayyana cewa sabon farashin zai ci masa kimanin dala miliyan 20 a shekara, ya kuma rufe ta a ranar 30 ga Yunin 2023.

Hanya ta uku ita ce matakin hukuma, kuma 'yan Nijeriya sun ɗanɗana ta sau biyu cikin 2021. Daga watan Yuni na wannan shekara zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, saboda haka tagogin da jaridu da kamfanoni suka liƙa don nuna saƙonninsa suka daina aiki ga masu buɗewa ta layukan cikin gida. A watan Satumba kuma shafin AbokiFX, wanda 'yan kasuwa da kafofin labarai da yawa ke dogara da shi don sanin farashin canji a kasuwar bayan fage, ya dakatar da buga farashin bayan gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya zarge shi da haddasa faɗuwar naira. Duk wanda ke ɗauko lambobinsa daga majiya ɗaya tak ya wayi gari babu abin nunawa.

Tsaro da alhakin doka

Haɗari na huɗu ya fi ɓoyuwa. Taga da aka liƙa a shafi tana gudanar da umarnin wani kamfani a cikin gidan mai shafin, kuma in ɓarayi suka shiga wancan kamfani to sun shigo nan ma. A 2018 aka sace bayanan katin kuɗi na abokan cinikin Ticketmaster, kamfanin sayar da tikiti, ta hanyar wata tagar amsa tambayoyi ta wani kamfani daban da aka liƙa a shafin biyan kuɗi. Hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar Ticketmaster fam miliyan 1.25 a Nuwamban 2020, domin shi ne abokan ciniki suka amince wa da katinsu.

Batun Cambridge Analytica ya nuna ɗaya fuskar matsalar. Wata ƙaramar manhaja da kimanin mutum 270,000 suka yi amfani da ita ta kwashi bayanan abokansu ta ƙofar Facebook, har adadin ya kai mutum miliyan 87 bisa ƙiyasin kamfanin kansa a 2018. A shekarar da ta biyo baya hukumar cinikayya ta Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5. Cikin wannan shekara ta 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani shagon tufafi na Jamus mai suna Fashion ID, cewa mai shafin da ya liƙa maɓallin Facebook yana da rabonsa na alhaki kan bayanan baƙi da maɓallin ke tattarawa yana aikawa.

A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma tanadi tara. Ga manyan masu riƙe da bayanai tarar na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa naira miliyan 2 ne ko wannan kashi 2 cikin ɗari. Saboda haka mai shagon da ke karɓar suna da lambar waya da adireshin abokin ciniki yana miƙa su ga kamfanin taswira ko na tallace-tallace, wajibi ne ya san abin da yake miƙawa da kuma dalilin miƙawar.

Buɗaɗɗen tsarin banki

Gwamnatoci sun lura cewa in aka bar buɗe ƙofa ga son ran mai bayanai, gasa ba za ta yi ƙarfi ba. A Birtaniya hukumar kula da gasa ta tilasta wa manyan bankuna tara su buɗe ƙofofin musayar bayanai, aikin da ya fara a Janairun 2018. Manufar ita ce bayanan asusu na mai asusun ne, kuma in ya yarda, wata manhaja mai lasisi na iya karanta su don ta tattara masa lissafin asusunsa na bankuna daban-daban, ko ta auna cancantarsa ta samun rance.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da tsarin dokoki kan wannan a Fabrairun 2021, sa'an nan ya biyo da ƙa'idojin aiwatarwa a Maris na 2023. Muhimmancin abin ga ɗan kasuwa shi ne tarihin shige da ficen kuɗi a asusunsa na iya zama hujjar neman bashi, musamman ga wanda ba shi da takardar gida ko fili da zai jinginar. Bambancin wannan da gamin-gambizar 2005 shi ne a nan doka ce ta tsara wanda zai shiga, da abin da zai gani, da yardar mai asusu, ba kyautar da kamfani zai janye gobe ba.

Abin da ya kamata mai kasuwanci ya duba

Kafin a biya injiniya kuɗin gina shafi ko manhaja, ya dace mai kasuwancin ya nemi a rubuta masa jerin dukan kamfanonin waje da aikin zai dogara da su, da abin da kowanne ke karɓa, da kuɗin ƙasar da ake biya da shi. Ya kuma tabbata cewa asusun da mabuɗan da aka buɗe a waɗannan kamfanoni da sunan kamfaninsa suke, domin in da sunan injiniyan ne, ranar da suka rabu aikin zai tsaya.

Har ila yau ya kamata a yi lissafin farashi bisa yawan cinikin da ake fatan kaiwa, tun da rangwamen kyauta yakan ƙare ne daidai lokacin da kasuwa ta fara buɗewa. A karanta sharuɗɗan amfani, musamman sashen da ke bayyana wa'adin sanarwa kafin sauya farashi, da wanda ke hana adana bayanan da aka karɓo. Kwasar bayanai daga shafin wani ba tare da izini ba na iya jawo shari'a, kuma aikin yakan lalace da zarar mai shafin ya sauya fasalinsa.

Ga duk ɓangaren da ciniki ba zai yiwu ba sai da shi, a tanadi na biyu. Mai karɓar kuɗi ta intanet yana iya haɗa kamfanoni biyu, in ɗaya ya sami tangarɗa ɗayan ya ci gaba. Mai buƙatar taswira yana da OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya faro a Birtaniya a 2004, masu aikin sa-kai ke zana ta, bayananta kuma a buɗe suke ga kowa bisa sharaɗin ambaton tushe. A shafin biyan kuɗi kuwa a rage tagogin waje iyakar iyawa. Jerin abokan ciniki da tarihin odarsu da adireshin kai musu kaya su kasance a rumbun kamfanin kansa, tare da kwafin da ake sabuntawa a kai a kai, domin da su ne zai iya komawa wata ƙofar cikin 'yan kwanaki in aka rufe wadda yake bi.